Awon Ƙwaƙwalwa Yanki-Yanki: Yadda Ake Zaro Lamba Daga Hoton MRI

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai tsaya ne a kan wani aiki da ake yi a ɗakunan binciken ƙwaƙwalwa, aikin da ba a cika jin labarinsa ba duk da cewa yawancin sakamakon da jaridu ke yayatawa a kansa ya dogara, wato yadda masu bincike ke keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa a cikin hoton da na'urar MRI ta ɗauka, su zaro lambobin da ke cikinsa, sannan su lissafa ko motsin yankin ya ƙaru ko ya ragu a lokacin da mutum yake wani aiki. Duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙwaƙwalwa mai ɗigo-ɗigon ja da rawaya, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa nan ne mazaunin tsoro ko nan ne mazaunin magana, ya kamata ya san cewa na'urar ba ta ga wani launi ba. Lambobi zalla ta bayar, launukan kuwa daga baya aka shafa su bisa hukuncin lissafi.

Na'urar MRI ƙaton maganaɗisu ce mai rami a tsakiya inda ake kwantar da mutum. Ana auna ƙarfin maganaɗisun da ma'aunin da ake kira tesla, kuma na'urorin asibiti galibi suna da tesla 1.5 ko 3, yayin da wasu cibiyoyin bincike ke da masu tesla 7. Mai tesla 3 ta ninka ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kusan sau 60,000. Wannan ƙarfi yana jera ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jiki, sai na'urar ta girgiza su da igiyar rediyo, ta kuma saurari amsar da suke mayarwa sa'ad da suke komawa yadda suke. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ne suka gano yadda za a san daga wane wuri a jiki kowace amsa ta fito, abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a shekarar 2003.

Hoton waya ko na talabijin an gina shi ne da ƙananan ɗigo shimfiɗaɗɗu masu tsawo da faɗi kawai. Ƙwaƙwalwa kuwa tana da zurfi, saboda haka na'urar takan raba ta zuwa ƙananan akwatuna masu tsawo da faɗi da kauri, kuma kowane akwati ana kiransa boksel. A irin hoton da ake auna aikin ƙwaƙwalwa da shi, boksel yakan kai milimita 3 ta kowace fuska, wato bai wuce girman ƙwayar dawa ba, kuma ƙwaƙwalwar babban mutum takan ɗauki irinsa kusan 50,000. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗi mai sauraro, domin a cikin boksel guda akwai ɗaruruwan dubban ƙwayoyin jijiya, tare da ƙananan hanyoyin jini, wani lokaci har da ɗan ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Duk wannan taro lamba ɗaya tak yake bayarwa a kowane ɗauka, kamar a tambayi gari guda ra'ayinsa a karɓi amsa da kalma ɗaya.

Abin da ke sa lambar ta motsa shi ne jini. Tun a shekarar 1890 Charles Roy da Charles Sherrington suka nuna alamar cewa jini yana ƙaruwa a sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki, kuma a 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, yana sauya halinsa a gaban maganaɗisu gwargwadon ko yana ɗauke da iskar ko ya sauke ta. Wanda ya sauke iskar yana ɗan dagula maganaɗisun da ke kewaye da shi, har amsar da na'ura ke ji ta raunana. Seiji Ogawa, ɗan ƙasar Japan da a lokacin yake aiki a ɗakin binciken Bell a Amurka, ya nuna a 1990 cewa ana iya ganin wannan bambanci a ƙwaƙwalwar ɓera, aka sa wa hanyar suna BOLD, sannan a 1992 ƙungiyoyin bincike uku a Amurka suka nuna ta a jikin mutum. Idan ƙwayoyin jijiya suka kama aiki, jiki yakan aiko musu da sabon jini fiye da abin da suke buƙata, sai jinin da ya sauke iskar ya ragu a wurin, lambar boksel ta ɗan hau. Wannan hawa ba nan take yake faruwa ba: yakan kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 4 zuwa 6, ya sauka a hankali, har ya ɗan nutse ƙasa da inda ya taso kafin ya daidaita. Ashe ke nan abin da ake aunawa sawun tunani ne a cikin jini, sawun da ke zuwa a makare.

A lokacin gwaji, na'urar takan ɗauki dukan ƙwaƙwalwa kusan kowace daƙiƙa 2, don haka zaman minti 10 yana ba da hotuna 300, kowane boksel kuma yana da jerin lambobi 300 nasa na kansa. A nan ne matsalar farko take. Idan mai bincike ya gwada kowane boksel daban, ya kuma yarda da ƙa'idar da aka saba da ita a ilimin ƙididdiga ta amincewa da kuskure sau 5 cikin 100, to a cikin boksel 50,000 kusan 2,500 za su nuna kamar sun motsa ko da babu abin da ya faru. Akwai hanyoyin lissafi na toshe wannan ɓaraka, amma suna da tsanani, har sukan haɗiye sakamako na gaskiya idan mai rauni ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu bincike ke keɓe yanki guda da suke da hujjar zato a kansa, su yi masa tambaya ɗaya maimakon tambaya dubu hamsin.

Keɓe yankin yana da hanyoyi. Ta farko ita ce bin taswirar halitta. Tun a 1909 Korbinian Brodmann, likita Bajamushe, ya raba ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa sassa masu lamba bisa yadda ƙwayoyinsu suke a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma har yau ana kiran wasu wurare da lambobinsa. Sai dai kawunan mutane sun bambanta a girma da siffa, saboda haka kafin a aza taswira ɗaya a kan kowa dole kwamfuta ta miƙe ko ta matse hoton kowane mutum har ya dace da wata ƙwaƙwalwar ma'auni. Kundin Jean Talairach da Pierre Tournoux na 1988, wanda ya daɗe yana mulki, an gina shi ne a kan ƙwaƙwalwar mace guda ɗaya mai kimanin shekara 60, shi ya sa daga baya aka koma ga ma'aunin Cibiyar Nazarin Jijiyoyi ta Montreal a Kanada, wanda aka samar ta hanyar haɗa hotunan mutum 152. A cikin wannan ma'auni kowane wuri yana da adireshi na lambobi uku: nisansa zuwa dama ko hagu, gaba ko baya, sama ko ƙasa, duk da milimita. Daga nan hanya ta biyu ta samo asali, inda mai bincike ke ɗaukar adireshin da wani bincike na baya ya bayar, ya zana ƙwallo a kewayensa. Ƙwallo mai nisan milimita 6 daga tsakiya zuwa gefe yakan ƙunshi boksel kusan 33 na girman da aka ambata. Hanyar tana da sauƙi, amma ƙwaƙwalwa naɗe take kamar tsumman da aka cusa a ƙwarya, kuma ƙwallon bai san lanƙwasa ba, don haka yakan kwaso farin sashe mai ɗauke da wayoyin jijiya, ko ma gefen wani tudu da ba shi da alaƙa da aikin.

Hanya ta uku ta fi kusa da gaskiyar kowane mutum. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka nuna wa mutane hotunan fuskoki da na kayayyaki, suka gano a ƙasan ƙwaƙwalwa, galibi ta ɓangaren dama, wani ɗan fili da ke amsa wa fuska fiye da sauran abubuwa. Da yake filin ba ya faɗowa daidai wuri ɗaya a kan kowa, sai suka riƙa nemo shi a kan kowane mutum da wani gwajin share fage, sannan su auna shi da sababbin hotuna a wani gwaji daban. Wannan rabuwa tsakanin gwajin nema da gwajin awo ita ce ƙashin bayan aikin, kuma shirin zai dawo kanta.

Ko ta wace hanya aka bi, yankin yakan zama wani hoto na musamman wanda ya fi kama da rariya: kowane boksel da ke cikin yankin an ba shi lamba 1, na waje kuma 0. Idan aka aza rariyar a kan hotunan gwaji, lambobin cikin yankin kaɗai ke wucewa. Manhajojin da aka fi amfani da su duk suna yin wannan aiki, kamar SPM da Karl Friston da abokansa suka gina a Landan, da FSL ta Jami'ar Oxford, da AFNI da Robert Cox ya fara a Amurka, da kuma MarsBaR wadda aka ƙera musamman don nazarin yankuna a kan SPM. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne rariya da hoton su kasance a ma'auni ɗaya da girman boksel ɗaya, domin kwamfuta ba za ta ƙi ba da lamba don an aza rariyar a karkace ba, kuma an sha samun ɓangaren dama ya koma hagu wajen sauya fayil daga wani tsari zuwa wani. Mai bincike na kirki yakan buɗe hoton ya duba da idonsa inda rariyar ta sauka a kan kowane mutum kafin ya amince da ko lamba ɗaya.

Bayan an tace, yawanci ana haɗa lambobin boksel ɗin yankin a fitar da matsakaicinsu a kowane lokaci, sai a samu jeri ɗaya mai wakiltar yankin baki ɗaya. Amfanin haka shi ne hayaniyar da ke cikin kowane boksel, wato hawa da saukar da ba ta da alaƙa da aikin, takan kashe juna. Amma matsakaici yana da nasa zalunci. A ɗauka yanki yana da boksel 40, guda 10 sun hau da kashi 2 cikin 100, sauran 30 ba su motsa ba: matsakaicin zai nuna rabin kashi ɗaya kacal. Idan kuwa rabi sun hau rabi sun sauka daidai wa daida, zai nuna sifiri, a ce yankin yana barci alhali yana cike da aiki. Irin wannan lura ce ta sa James Haxby da abokansa a 2001 suka nuna cewa tsarin hawa da sauka a tsakanin boksel ɗin yanki yana iya bayyana irin abin da mutum yake kallo, ko fuska ko gida ko kujera, bayanin da matsakaici kan shafe.

Lambar da na'ura ke bayarwa ba ta da ma'auni irin na kilo ko mita. Ta dogara da na'urar, da saitin ranar, da kusancin wurin da abin da ke karɓar amsa a kewayen kai. Saboda haka ake mayar da ita zuwa kashi cikin ɗari. Idan yankin wani mutum yana ba da 1,000 a lokacin hutu, ya koma 1,015 a lokacin aiki, bambancin 15 ne, a raba shi da 1,000 a ninka da 100, a samu kashi 1.5. Wani mutumin kuma nasa ya tashi daga 600 zuwa 609, bambancin 9 ne kawai, amma shi ma kashi 1.5 ne, sai ga shi mutanen biyu sun yi daidai bayan da ɗanyen lissafi ya nuna kamar na farko ya fi. Ya dace a lura da ƙanƙantar abin da ake nema: a sashen gani da ke ƙeya, inda amsa ta fi ƙarfi, canjin yakan kai 'yan kashi kaɗan cikin ɗari, a ayyukan tunani da tuna abu kuwa sau da yawa bai kai kashi 1 ba.

Lissafin yana da sauƙi a baki, amma kalmar hutu tana ɓoye tambaya babba. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma take cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, ba ta taɓa tsayawa. Marcus Raichle da abokansa a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun bayyana a 2001 cewa akwai wasu yankuna da suka fi aiki sa'ad da mutum yake kwance ba a ba shi komai ba, su kuma lafa da zarar an ba shi aiki. Don haka kashin da aka samu ya dogara da abin da aka kwatanta da shi, ko kallon allo ba komai, ko rufe ido, ko wani aiki mai sauƙi. Haka kuma abin da ake rabawa da shi yana iya zama matsakaicin yankin, ko na kowane boksel, ko na ƙwaƙwalwa duka, kuma manhajoji ba su bi hanya ɗaya ba. Ƙari a kan haka, yawancin masu bincike ba sa ɗebe lamba daga lamba kai tsaye. Sukan zana hasashen yadda jini ya kamata ya hau ya sauka, su auna yawan ninkin da hasashen ke buƙata kafin ya dace da abin da aka gani, kuma ana kiran wannan ninki beta. Kafin beta ya zama kashi cikin ɗari dole a san tsayin hasashen da aka zana, domin amsar abin da aka nuna na daƙiƙa 1 ba ta kai tsayin amsar abin da aka nuna na daƙiƙa 20 ba. Rahoton da ya ce an samu kashi kaza ba tare da ya faɗi waɗannan zaɓuɓɓuka ba ya hana mai karatu damar kwatanta shi da kowane rahoto.

Jiki ma yana sa baki. Motsin kai da bai kai milimita guda ba yana iya tura boksel na gefen ƙwaƙwalwa cikin ruwa, ya haifar da canjin da ya ninka wanda ake nema. Numfashi da bugun zuciya suna girgiza lambar, tsufa da ciwon hanyoyin jini suna sauya yadda jini ke amsawa, sinadarin kafeyin kuma, wanda ke cikin kofi da shayi da goro, yana tsuke hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ya rage gudunsa. Duk wanda zai yi irin wannan bincike a ƙasar Hausa, inda goro da shayi suke abokan hira, dole ya tambayi mutanensa abin da suka ci kafin su kwanta a na'ura, in ba haka ba yana iya danganta wa tunani bambancin da goro ya kawo.

Kuskuren da ya fi duk waɗannan haɗari kuwa ba daga na'ura ko jiki yake fitowa ba, daga tsarin aikin mai bincike yake. A ɗauka malami ya yi wa ɗalibai 500 jarrabawar canki-canka a kan darasin da ba a taɓa koya musu ba, ya ware goma da suka fi maki, sannan ya fitar da matsakaicin makinsu a wannan jarrabawar dai ya ce ga shaidar hazaƙarsu. Makin zai yi kyau tilas, domin da shi aka zaɓe su, kuma sa'a ce ta ɗaga su. Idan aka sake musu wata jarrabawar za su koma cikin jama'a. Haka yake idan mai bincike ya duba taswirar sakamakonsa, ya zagaye boksel ɗin da suka fi haske, ya kira su yankinsa, sannan ya zaro kashin canji daga cikinsu da bayanan da ya yi zaɓen da su. Boksel ɗin da suka yi fice sun yi fice ne da taimakon hayaniyar da ta faɗo ta gefensu, don haka lambar za ta kumbura, kuma ko daga hayaniya tsantsa ana iya fitar da zane mai ban sha'awa ta wannan hanya.

Shekarar 2009 ce ta fito da girman matsalar fili. Edward Vul da abokansa sun lura cewa wasu rahotanni a fagen nazarin halayya da zamantakewa suna ba da alaƙa tsakanin motsin yanki da halin mutum mai ƙarfin da ya wuce abin da ingancin awon zai iya ɗauka, da suka tambayi marubutan yadda suka yi sai suka tarar fiye da rabinsu sun zaɓi boksel da bayanan da suka auna. A shekarar dai Nikolaus Kriegeskorte da abokansa suka duba maƙaloli 134 da manyan mujallu biyar suka buga a 2008, suka samu kashi 42 cikin 100 suna ɗauke da aƙalla nazari ɗaya mai wannan zagaye, suka kwatanta shi da tsoma hannu sau biyu a akushi ɗaya. Abin da ya sa al'amarin ke da nauyi shi ne yawancin masu yin haka ba maƙaryata ba ne. Hanyar ce take kama da hankali, manhaja kuma tana sauƙaƙa ta da danna maɓalli biyu. Maganin kuwa Bahaushe ya riga ya faɗe shi, tun ran gini ran zane. A tsayar da iyakar yankin kafin a ga sakamako, ko daga taswira, ko daga binciken wasu, ko daga gwajin share fage irin na Kanwisher, ko a raba bayanan gida biyu a nemo yankin da kashi ɗaya a auna shi da ɗayan. Wasu masu bincike a yau sukan rubuta yankunansu da hanyar lissafinsu a wurin da kowa zai gani tun kafin su ɗauki hoton mutum na farko, kuma wannan ɗabi'a ta cancanci ta zama doka a kan ɗalibi da farfesa.

Amfanin wannan tsantseni yana fitowa sarai inda rai da lafiya suke a kan ma'auni. Likitocin tiyata sukan nemi a gano musu yankunan magana da na motsin hannu kafin su cire ƙari daga ƙwaƙwalwa, don su san inda wuƙa ba za ta bi ba. A 2006 kuma Adrian Owen da abokansa a Cambridge ta Ingila suka kwantar da wata matashiya mai shekara 23 a cikin na'ura, wadda hatsarin mota ya bar ta ba ta amsa kowace magana, har aka yanke cewa ba ta san inda take ba. Sun riga sun sani daga mutane masu lafiya cewa tunanin buga wasan tanis yana tayar da wani yanki a saman kai mai shirya motsin jiki, tunanin zagaya ɗakunan gida kuma yana tayar da wasu yankuna masu kula da wuri da hanya. Da aka umarce ta da ta yi tunanin kowanne na tsawon daƙiƙa 30, sai yankunan da aka sa rai suka hau a lokacin da aka sa rai, kamar yadda suke yi a kan masu lafiya. A 2010 Martin Monti da Owen da abokan aikinsu na Ingila da Beljiyam suka gwada marasa lafiya 54 masu irin wannan hali, biyar daga cikinsu suka iya juya motsin yankunan bisa umarni, ɗaya kuma ya amsa tambayoyi biyar cikin shida daidai game da rayuwarsa da iyalinsa, yana amfani da tunanin tanis da tunanin zagaya gida a madadin i da a'a.